Yadda za a koyar da ɗalibai binciken jiragen ruwan da suka nutse

Hukumar UNESCO ta ƙiyasta cewa jiragen ruwa kusan miliyan 3 ne ke kwance a ƙasan tekunan duniya. Da ɗalibi ya ji wannan, abin da ke fara faɗo masa a rai shi ne akwatin zinariya. Aikin malami shi ne ya karkato da hankalinsa zuwa ga abin da masu binciken kayan tarihi ke nema: inda kowane abu yake kwance, da abin da ke maƙwabtaka da shi. Tulun da aka tsamo daga ƙasan teku ba a auna mazauninsa ba, ya zama tulu kawai. Wanda aka auna, aka zana, aka rubuta abin da ke gefensa, shi ne zai nuna ko wurin ɗakin girki ne ko rumbun kaya. Duk darussan da ke ƙasa an gina su ne don ɗabi'a ɗaya ta zauna wa yaro: ya auna, ya rubuta, kafin ya taɓa.

Ba a bukatar teku a kusa. Fagen wannan bincike ya haɗa har da koguna da tafkuna da ƙasa mai danshi. Kwale-kwalen Pesse da aka samu a Holan a 1955, mai shekara kimanin 10,000, a cikin fadama aka tono shi. Na Dufuna a jihar Yobe, wanda ya fi kowane jirgi da aka sani a Afirka tsufa, mai shekara kimanin 8,000 da tsawon mita 8.4, wani makiyayi ne ya ci karo da shi a 1987 yana haƙa rijiya.

Shiri kafin a fara

A ware darasi takwas na minti 40. An tsara aikin ne don 'yan shekara 11 zuwa 15. Ga waɗanda ba su kai haka ba, a bar lissafin sikeli da na sauti, a riƙe gwaje-gwajen. A raba aji rukuni-rukuni na mutum huɗu, kowa da aikinsa: mai riƙe tef, mai karanta awo, mai rubutu, mai lura da lokaci. A riƙa juya ayyukan kowane darasi, don in ba haka ba yaro ɗaya ne zai mallaki tef har ƙarshen zango.

Kowane rukuni na bukatar bahon roba mai zurfin santimita 20 zuwa 25, kwalbar roba ta lita 1.5 guda biyu, tsakuwa rabin kilo, noti na ƙarfe guda 20 masu girma ɗaya, ƙusoshi shida, kwalaben gilashi biyar, gishiri rabin kilo, tef ɗin awo na mita 5 guda biyu, kwalin takalmi, tsinke mai tsayi, kamfas na zane da rula. Kowane ɗalibi ya buɗe littafi na musamman don wannan aiki, da fensir za a rubuta a cikinsa, domin da fensir masu nutso ke rubutu a kan farin allon roba a ƙarƙashin ruwa.

Babu ɗalibin da zai shiga kogi, kududdufi ko wurin ninƙaya saboda wannan darasi, kuma a faɗa musu haka ƙarara tun ranar farko. Malami ne kaɗai ke yanka kwalba da huda ta. Ƙusa mai tsatsa da hantsaki ko safar hannu ake ɗaukar ta.

Gwaji biyu suna cin makonni, wato na ƙusa da na tsingaro. A haɗa su tun makon farko ko da ba a zo kansu ba.

Me ya sa jirgi ke kifewa

A fara da Vasa, jirgin yaƙin Suwidin mai igwa 64. Ranar 10 ga Agusta 1628 ya tashi daga tashar Stockholm a tafiyarsa ta farko. Bai wuce mita 1,300 ba iska ta karkatar da shi, ruwa ya kwararo ta tagogin igwa na ƙasa da aka bari a buɗe, ya nutse a gaban jama'a, mutum kimanin 30 suka mutu. Nauyi ya yi masa yawa a sama, duwatsun da aka zuba a ƙasansa don su daidaita shi kuma ba su isa ba. Kafin tafiyar an gwada shi: an sa mutum 30 su riƙa gudu daga wannan gefe zuwa wancan, aka tsayar da su bayan zagaye uku don tsoron kada ya kife a tashar. Duk da haka aka sake shi.

Kada a gaya wa ɗalibai dalilin nutsewar. A ba su labarin zuwa inda iska ta kaɗa, sannan su gano saura da kwalba.

A kwantar da kwalbar da murfinta a rufe, a yanke taga mai tsawon santimita 18 da faɗin 5 a samanta. Ita ce gangar jirgi. A ƙulle tsakuwa giram 200 a leda, a manne ta da salatif a ƙasan kwalbar ta ciki. A ɗora ɗan kwali mai ƙarfi a kan tagar a matsayin daɓen sama, a manne shi. A sa a baho, a riƙa ɗora noti ɗaya bayan ɗaya a tsakiyar daɓen, ana ƙirgawa har jirgin ya kife. A maimaita da tsakuwa giram 300, sannan 400, a rubuta adadin noti kowane karo. Bayan haka a cire daɓen, a zuba notin nan duka a ƙasan kwalbar tare da tsakuwa. Nauyin bai canja ba, amma jirgin ya tsaya daram. A nan ne yaro ke gane cewa inda nauyi yake zaune shi ne magana.

Kwalba ta biyu ta tagogin igwa ce. Da tsakuwa giram 300 a ciki, a ja layi inda ruwa ya tsaya. A huda ƙofa uku masu faɗin milimita 5 a gefe ɗaya, santimita 1 sama da layin, a ɗaya gefen kuma santimita 3 sama da shi. A karkata jirgin a hankali zuwa kowane gefe, a ga wanne ne ya fara shan ruwa.

Abin da ya fi ɓata wannan gwaji shi ne tsakuwar da ba a manne ba. Tana gangarawa gefe da zarar jirgi ya ɗan karkata, sai sakamako ya bambanta kowane karo. In hakan ta faru, a nuna wa aji, domin zamewar kaya zuwa gefe guda ta nutsar da jirage na gaske, sannan a manne a sake. A kuma tsiyaye ruwan da ya shiga kwalba kafin kowane sabon gwaji, saboda ruwan da ke yawo a ciki shi ma yana rage daidaito.

Daga jirgi zuwa kufai

Abin da mai bincike ke tararwa a ƙasan teku ragowa ne bayan an yi tankaɗe sau da yawa. Wasu kayan sun yi iyo sun tafi tun ranar hatsari, wasu mutane sun tsamo, wasu sun ruɓe, wasu kuma gudun ruwa ya watsa su. Ɗalibin da bai fahimci wannan ba zai ɗauka cewa abin da ba a samu ba, dama babu shi a jirgin.

A shimfiɗa yashi santimita 3 a baho, a cika da ruwa. A loda wa jirgin kwalba abubuwa 15 da aka rubuta sunayensu: guntun katako, ƙyalle, igiya, takarda, ƙwayar hatsi, noti, duwatsun ado, tsingaro, kwabo, toshiyar kwalba da makamantansu. Kowa ya rubuta hasashensa, sannan a kifar da jirgin. A kwashe duk abin da ya taso. A kaɗa ruwan da faranti daga gefe ɗaya sau 20. A zana abin da ya rage da inda yake. Sai a miƙa zanen ga wani rukunin da bai ga lodin ba, a ce su faɗi abin da jirgin ya ɗauko. Tazarar da ke tsakanin amsarsu da jerin farko ita ce darasin.

Daga nan sai tambayar da ta fi daɗi: me ya sa wani jirgin ke ƙarewa cikin 'yan shekaru, wani kuma ya kai dubbai? Babban abokin gaban katako a teku wata halitta ce da ake kira Teredo navalis. Kamar tsutsa take, amma dangin halittu masu ɓawo ce, kuma tana cin katako ta ciki kamar yadda gara ke yi. Ba ta jure ruwa mai ƙarancin gishiri, shi ya sa Vasa ya yi shekara 333 a Tekun Baltik aka ɗago shi a 1961 kusan cikakke. Mary Rose, jirgin Sarki Henry na Takwas na Ingila da ya nutse a 1545, gefen da ya lume cikin laka ne kaɗai ya tsira, ɗaya gefen ya tafi. Endurance, jirgin Shackleton mai binciken yankin Antatika, wanda ƙanƙara ta matse ya nutse a 1915, an gan shi a 2022 a zurfin mita 3,008 a Tekun Weddell na yankin Antatika har sunansa na karantuwa, saboda sanyi da rashin masu cin katako. A Bahar Aswad kuma, inda ruwan ƙasa ba shi da iskar oksijin, an sanar a 2018 da samun jirgi irin na Girkawa mai shekara kimanin 2,400 a zurfin da ya kai kilomita 2.

Gwajin ƙusa yana nuna rawar oksijin da gishiri. A goge ƙusoshi da samfefa har su yi ƙyalli. Kwalba ta ɗaya ruwan famfo. Ta biyu ruwan gishiri, giram 35 a lita ɗaya, wanda shi ne matsakaicin gishirin teku. Ta uku ruwan gishirin da aka tafasa minti 10, aka zuba mai santimita 1 a kansa tun yana da zafi don kada iska ta koma. Ta huɗu ruwan gishiri da laka santimita 5 a ƙasa, an binne ƙusa ɗaya a cikin lakar, an ɗora wata a kanta. Ta biyar babu ruwa, amma kullum ana tsoma ƙusarta a ruwan gishiri a mayar da ita ta bushe. A duba kowace rana har kwana 14, a zana, a rubuta launi.

Kurakurai uku ne ke yawan faruwa. Ƙusa mai rufin tutiya ba ta tsatsa da wuri, don haka a nemi baƙar ƙusa ta ƙarfe zalla. In an bar tafasasshen ruwa ya huce a buɗe kafin a zuba mai, iska ta riga ta koma, ƙusar za ta yi tsatsa kamar saura. Sannan bambancin kwalba ta ɗaya da ta biyu sau da yawa bai kai yadda ake zato ba, domin oksijin ɗin da ke isa ga ƙarfe shi ne ke iyakance saurin tsatsa a duka biyun. Kada malami ya gyara sakamako don ya dace da littafi. Kwalba ta biyar ce za a sa wa ido sosai, ita ce ke nuna abin da ke samun ƙarfen da aka tsamo daga teku aka ajiye a sarari.

Neman jirgi a inda ido ba ya kai wa

Haske ba ya nisa a cikin ruwa, sauti kuwa yana tafiyar kimanin mita 1,500 a sakan. Na'urar sona tana aika sauti ta ƙirga lokacin da amsa-kuwwa ta dawo. Zurfi shi ne sauri sau lokaci, a raba biyu, saboda sautin ya je ya dawo. In amsa ta dawo a sakan 0.4, zurfin mita 300 ne. Rabin aji za su manta da rabawa biyu su ce 600. A juya tambayar: Titanic, wanda ya nutse a 1912 aka gano shi a 1985, yana zurfin kimanin mita 3,800, to sakan nawa sauti zai yi? Amsar ta ɗan haura 5.

Don su ji abin a hannunsu, malami ya manne wani siffar jirgi da aka yi da yumɓu ko katako a ƙasan kwalin takalmi, ya rufe. A huda murfin a layi-layi, tazarar santimita 4. Ɗalibai su zura tsinke a tsaye ta kowace ƙofa har ya taɓa wani abu, su auna tsawon da ya shiga, su rubuta a jadawali, su shafa launi ɗaya ga lambobi masu kama da juna. Da wannan tazara, abin da zai fito dunƙule ne marar siffa. A ƙara ƙofofi a tsakani, tazara ta koma santimita 2, sai goshin jirgi da bayansa su bayyana. Aikin ya ninka kusan sau huɗu, kuma irin wannan zaɓin ne masu binciken gaske ke yi tsakanin faɗin wurin da za su duba da kyawun hoton da za su samu. Tsinken da ya karkace yana ƙara wa awo tsawo, don haka mutum ɗaya ya tsuguna yana duba tsayuwarsa.

Awo: zuciyar aikin

Wannan ya cancanci darasi biyu cikakku. A 1960, a Cape Gelidonya da ke gaɓar Turkiyya, George Bass, masanin kayan tarihi ɗan Amurka, ya jagoranci tonon farko da aka yi wa jirgi a ƙasan teku da ƙa'idar da ake bi a tudu, mai binciken da kansa yana nutso yana awo. Abin da ɗalibai za su kwaikwaya ke nan.

A fili ko babban ɗaki, a shata wuri mai mita 5 da mita 3. A jera katako shida a matsayin haƙarƙarin jirgi, tarin duwatsu a tsakiya, tukwane a gefe ɗaya, kwanuka da gawayi a wani lungu, wani ƙarfe mai nauyi a goshi a matsayin anka, wato ƙarfen da ake jefawa a ruwa don tsayar da jirgi. Malami ya tsara wurin da ma'ana, ya ajiye zanensa a ɓoye. Kowane abu a ɗaura masa lamba. A kafa turke biyu, a miƙe tef a tsakaninsu ta tsakiyar wurin, ya ɗaure tamau. Wannan shi ne layin tushe, kuma daga lokacin da aka fara awo ba ya motsi. In wani ya yi tuntuɓe da turke, duk awon da aka yi kafin nan ba zai haɗu da na bayansa ba.

Hanya ta farko ita ce awo daga layi. A ɗora bakin tef na biyu a kan abin da ake aunawa, a kai ɗaya ɓangaren kan layin tushe, a riƙa lilo da shi hagu da dama. Inda lamba ta fi ƙanƙanta, nan ne tef ɗin ya yi kusurwar digiri 90 da layin. A rubuta abu uku: nisa a kan layin tushe, nisa daga layin, da gefen da abin yake, dama ko hagu idan an fuskanci ƙarshen layi daga sifili. Mantawa da gefe shi ne kuskuren da ya fi yawa, kuma shi ne ke sa anka ta koma wancan ɓangaren jirgi a taswira. Hanyar tana da sauri amma in abu ya yi nisan fiye da mita 2 daga layi, kuskurenta yana girma.

Hanya ta biyu ita ce awo daga wuri biyu. A zaɓi maki biyu a layin tushe, A a kan sifili, B a kan mita 3. A auna daga kowanne zuwa abin. A ce tukunya tana santimita 180 daga A, 240 daga B. A sikelin 1:20, ana raba kowane awo da 20: A zuwa B santimita 15 a takarda, sai a buɗe kamfas santimita 9 a ja baka daga A, a buɗe 12 a ja daga B. Inda suka gitta, nan tukunyar take. Da wannan sikeli duk wurin zai zama santimita 25 da 15, ya shiga takardar A4 a kwance.

Akwai abubuwan da za su tayar da hankalin aji a nan. Kamfas na makaranta ba ya buɗewa sosai, don haka awon da ya wuce mita 2.5 zai gagara zanawa. Maganinsa a ƙara maki a layin tushe, a kowace mita, a riƙa amfani da biyun da suka dace. In abu yana dab da layin tushe, bakunan biyu suna haɗuwa a kwance, ba a gane ainihin inda suka gitta, don haka a zaɓi makin da tef biyun za su haɗu a kan abin da kusurwa tsakanin digiri 60 da 120. In bakuna ba su haɗu ba sam, an karanta tef ba daidai ba, galibi an karanta ɓangaren inci ko an fara daga ƙarshen da ba sifili ba. Ga manyan ɗalibai, a ƙara awo na uku daga wani maki. Bakuna uku za su bar ƙaramar alwatika, girmanta shi ne girman kuskuren rukunin. Milimita 1 a takarda santimita 2 ne a ƙasa, saboda haka fensir ya zama mai tsini. Abu mai tsawo kamar katako kuma, duka bakinsa biyu ake aunawa, in ba haka ba ba a san inda ya fuskanta ba.

Zagayen farko a yi shi cikin natsuwa, ana magana. A zagaye na biyu a sa dokokin ruwa: babu magana sai alamar hannu da suka shirya tun farko, safar hannu mai kauri, mutum biyu-biyu ba mai rabuwa da abokinsa, ba a taka cikin wurin, kuma minti 8 kacal sai a busa usur kowa ya fito. Dalilin iyakance lokaci gaskiya ne. Kowace mita 10 ta zurfi tana ƙara matsi daidai da na iskar da ke kanmu a tudu, kuma yawan daɗewa a zurfi yana tara iskar naitirojin a jiki. A Uluburun da ke gaɓar Turkiyya, inda wani tsohon jirgi ke zurfin da ya haura mita 40, kowane mai nutso kimanin minti 20 yake samu, sau biyu a rana, sai da aka yi nutso sama da 22,000 daga 1984 zuwa 1994. Rukunin da bai tsara abin da zai auna ba kafin ya shiga zai fito da lambobi uku kacal. A bar su su ɗanɗana haka sau ɗaya, sannan a ba su minti 5 na shiri kafin shiga ta biyu.

A ƙarshe a jera taswirorin a bango, a fito da ta malami, a kwatanta.

Bayan an tsamo kaya

Abin da ya daɗe a teku ya saba da wurin, fito da shi ne ke fara kashe shi. Gishiri ya ratsa cikinsa, in ya bushe gishirin ya zama ƙwaya ya fasa shi ta ciki. Tsohon katako kuma ruwa ne ke riƙe da siffarsa, in ya bushe sai ya motse ya tsattsage. Shi ya sa aka yi shekara 17 ana fesa wa Vasa sinadarin PEG, wani irin kakin da ke narkewa a ruwa, don ya maye gurbin ruwan da ke cikin katakon. Mary Rose da aka ɗago a 1982 sai 2013 aka daina fesa masa.

A jiƙa tsingaro shida na tukunyar ƙasa marar sheƙi a ruwan gishiri mai ƙarfi, giram 300 a lita, kwana 7. An ƙara gishirin ne don abin da ke ɗaukar shekaru ya bayyana cikin mako. A shanya uku kai tsaye. Sauran ukun a sa su a ruwa mai daɗi, ana canja shi kullum har kwana 10. Kafin kowane canji a ɗebi cokali ɗaya a zuba a baƙin faranti ya bushe: farin tabon da yake bari zai riƙa raguwa kowace rana. Waɗanda aka shanya kai tsaye za su fito da farin ɓawo, in aka maimaita jiƙawa da shanyawa sau da yawa fuskarsu na iya fara marmashewa. Tsingaro mai sheƙi ko fale-falen tangaran ba ya shan ruwa, gwajin ba zai yi da shi ba.

Karanta shaida

A ba kowane rukuni katuna ɗauke da kayan jirgin Uluburun, wanda wani mai nutso neman soson teku ya gano a 1982 kusa da Kaş a Turkiyya, kuma ya nutse a ƙarshen ƙarni na 14 kafin haihuwar Annabi Isa (AS): jan ƙarfe kimanin tan 10, kuza kimanin tan 1, curin gilashi mai launi, hauren giwa, haƙoran dorina, ɓawon ƙwan jimina, baƙin katako na Afirka, da ɗan hatimin zinariya mai sunan Sarauniya Nefertiti ta Masar. Su raba shafi gida uku: abin da muka gani, abin da muke zato, da abin da zai tabbatar ko ya rushe zaton.

Wani zai ce jirgin na Masar ne saboda hatimin. A tambaye shi: in an samu kuɗin wata ƙasa a aljihunka, ka zama ɗan can? Kayan sayarwa suna nuna inda aka yi ciniki. Kayan amfanin ma'aikatan jirgi, kamar fitila, ma'aunin nauyi da tukunyar girki, su suka fi nuna su wane ne. A kuma bar su su lura da kansu cewa jan ƙarfe goma da kuza ɗaya shi ne kusan haɗin da ake yin tagulla da shi.

Doka da mutanen da ke ciki

Yarjejeniyar UNESCO ta 2001 ta ɗauki duk wata alamar rayuwar ɗan Adam da ta yi aƙalla shekara 100 a ƙarƙashin ruwa a matsayin kayan tarihi. Ta ce barin abu a mazauninsa shi ne zaɓin farko, ta kuma hana cinikinsa. Don muhawara, jirgin Belitung ya dace: jirgi ne irin na Larabawa na ƙarni na 9, wanda aka ɗinke katakonsa da igiya babu ƙusa, aka gano shi a ruwan Indonesiya a 1998 ɗauke da tangaran na Sin kimanin 60,000. Kamfanin kasuwanci ne ya kwashe kayan, aka sayar wa Singafo. Ɓangare ɗaya na aji ya kare cewa da an jira da ɓarayi sun wawashe, ɗayan kuma ya nuna abin da aka rasa saboda gaggawa.

Jirage da yawa kaburbura ne, kuma dole a faɗa wa ɗalibai haka da girmamawa. São José, jirgin Fotugal, ya taso daga Mozambik da bayi sama da 500 zai kai su Brazil, ya fashe kusa da Cape Town a Afirka ta Kudu a Disamba 1794. Sama da 200 suka mutu, waɗanda suka tsira aka sake sayar da su. Sandunan ƙarfe na daidaita jirgi da aka samu a wurin, tare da takardun ajiya, suna cikin abin da ya tabbatar da shi, aka sanar a 2015. Clotilda kuma, wanda ya kai bayi 110 daga Ouidah da ke Benin ta yau zuwa Alabama a Amurka a 1860 aka ƙone shi don ɓoye laifin shigo da bayi, an tabbatar da shi a 2019, kuma jikokin mutanen suna raye. A wannan darasi babu wasan kwaikwayo, ba a sa yara su kwanta a ƙasa a matsayin bayi, ba a raba aji zuwa masu saye da waɗanda aka saya. A yi aiki da taswira, takardu da tambayar wa ya kamata a tuntuɓa kafin a taɓa irin wannan wuri.

Wajen ba da maki, littafin rubutu da taswira su ɗauki kashi 60, rahoton shafi ɗaya a kan jirgin da suka auna kashi 30, aiki tare kashi 10. A rahoton, kowace magana sai ta zo da lambar abin da ya goyi bayanta da inda yake a taswira. Awon da aka gano kuskure ne, a ja masa layi ɗaya a rubuta sabon a gefe, ba a gogewa, kuma ɗalibin da ya yi haka ya rubuta dalili a ba shi cikakken maki a wannan layin.